Majalisun Jihohinmu Su Yi Dokar Taba da Abinci Wadda Za Ta Isa Kasuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga 'yan majalisun dokokin jihohinmu na Arewa kan wani aiki da yake nasu ne, kuma suka daɗe suna barin sa ga Abuja. Aikin shi ne kafa dokoki a matakin jiha kan sayar da taba, da sigarin lantarki da ya fara yaɗuwa a hannun 'ya'yanmu, da kuma lafiyar abincin da ake saye a kasuwa da bakin titi. Na haɗa su a wasiƙa ɗaya ne domin cutarsu daga wuri ɗaya take fitowa. Ana rubuta doka a tarayya, amma cinikin a tireda yake faruwa, da teburin mai shayi, da rumfar mai hatsi, da kwata, kuma babu ma'aikacin tarayya da zai iya zagaya waɗannan wurare. Jiha da ƙaramar hukuma ne kaɗai hannunsu zai kai can.

Dokar taba ta ƙasa tana nan tun watan Mayun 2015, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a kwanakinsa na ƙarshe a ofis, shekara goma bayan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a 2005. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 taba, ta hana a sa yaro ya sayar da ita, ta hana sayar da sigari kara-kara sai dai a kwali mai kara 20, ta hana sayar da taba ta intanet, ta hana tallarta ga jama'a, sannan ta hana shan ta a asibitoci da makarantu da motocin haya da sauran wuraren taruwar mutane, inda ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya karya wannan. Sai a 2019 aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita, kuma a 2021 aka fara wajabta buga hotunan gargaɗi da za su rufe rabin fuskar kwalin sigari. Duk wanda ya karanta waɗannan tanade-tanade zai ce an gama magana.

To amma wane ne a cikinmu bai san cewa ana sayar da sigari kara ɗaya a kusan kowace unguwa ba? Wane ne bai taɓa ganin babba ya miƙa wa yaro kuɗi ya aike shi sayo masa kara biyu ba, mai tireda kuma ya ba shi ba tare da ko ɗaga kai ba? Hana sayar da kara ɗaya shi ne ginshiƙin dokar, domin ɗan makarantar da ba shi da kuɗin kwali yana da kuɗin kara, kuma wanda ya sayi kara bai ga hoton gargaɗin da aka buga a kwali ba, tunda kwalin yana hannun mai shago. Ashe wannan saɓo guda ɗaya ya rushe abu biyu a lokaci guda, ya rushe tsadar da za ta hana yaro farawa, ya kuma rushe gargaɗin da aka sha wahalar wajabtawa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ba ta da jami'i a Kurna ko Rigasa ko Bolari, kuma ba za ta taɓa samu ba. Idan babu dokar jiha da ta ɗora wa wani jami'i na kusa alhakin wannan aiki, da sunan ofishinsa da kuɗin aikinsa, to dokar 2015 za ta ci gaba da zama a takarda.

Wasu jihohin sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Osun ta yi dokar hana shan taba a bainar jama'a tun 2009, Ekiti ta yi tata a 2012, Legas kuma ta yi a 2014 a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, duk kafin dokar tarayya ta fito. Mu ma a Arewa muna da abin tunawa, domin a 2007 gwamnatocin Kano da Gombe suna cikin waɗanda suka maka kamfanonin taba a kotu suna neman diyyar kuɗin da ake kashewa wajen jinyar masu cututtukan da taba ke haifarwa. Jihar da ta iya tunkarar manyan kamfanoni a gaban alƙali bai kamata ta kasa rubuta dokar da za ta tsara cinikin taba a cikin iyakarta ba. Binciken da aka yi a 2012 kan shan taba tsakanin manya ya gano cewa kashi 5.6 cikin 100 na manyan Najeriya, wato kimanin mutum miliyan 4.5, ke amfani da taba. Wannan adadi kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙasashe da yawa, kuma ni ina ganin sa a matsayin dukiyar da ya wajaba a tsare, musamman da yake taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya, kamfanoninta kuwa sun san cewa kasuwarsu ta gobe tana ƙasashen da matasa suka fi yawa, irin tamu.

A nan ne sigarin lantarki ya shigo. Na'ura ce ƙarama mai batir, wani lokaci kamar biro, wani lokaci kamar ɗan kwalin turare, wadda ke dumama wani ruwa ya zama tururi a zuƙa. Ruwan yawanci yana ɗauke da nikotin, wato sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa bari, tare da kayan ƙamshi na mangwaro ko kankana ko na'a-na'a ko alewa. Lokacin da aka rubuta dokar 2015, hankalin masu rubutun yana kan ganyen taba da abin da ake yi da shi, shi ya sa ba ta yi wa wannan na'ura tanadi bayyananne ba, kuma ta wannan kafa ce masu shigo da ita ke bi. Yau ana tallarta a Instagram da TikTok, ana yin ciniki ta WhatsApp, ɗan aike ya kawo ta har ƙofar gida a babur, babu mai tambayar shekarun wanda ya karɓa.

Abin da ya fi damuna game da ita shi ne ta kawar da tsaron da al'adarmu ta daɗe tana yi wa yara. A da yaron da ya sha sigari ba ya iya ɓoyewa, warin yana bakinsa da rigarsa, kuma kunyar mahaifiya ko yaya ta isa ta hana da yawa farawa. 'Ya mace kuwa ko kusa ba ta zuwa. Wannan na'ura ba ta barin wari sai ƙamshin 'ya'yan itace da ke ɓacewa nan take, tana shiga aljihun wando da jakar makaranta, uwa za ta iya ganin ta a ɗaki ta ɗauka kayan kwalliya ne ko abin cajin waya. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin yana taɓa sassanta masu kula da natsuwa da koyo da kame kai, sannan wanda ya kamu da shi yana ƙarami ya fi shan wahalar rabuwa da shi. Banda haka, ba wanda ya san abin da ke cikin ruwan da ake shigowa da shi ba rajista. A Amurka, tsakanin 2019 da farkon 2020, an kwantar da mutum 2,807 a asibiti saboda lalacewar huhu, 68 suka mutu, kuma bincike ya danganta yawancin abin da wani sinadari da 'yan kasuwar bayan fage ke gauraya wa ruwan da ake haɗawa da wiwi. Idan hakan ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji a kowace jiha, me zai faru a inda babu mai gwada komai?

Na san akwai masu cewa sigarin lantarki bai kai sigarin ganye illa ba, tunda babu ƙonawa a cikinsa, kuma hukumomin lafiya a Ingila suna ba manyan da suka kasa barin sigari shawarar komawa gare shi a matsayin matakin bari. Maganar tana da tushe, kuma ba zan musa ta ba. Sai dai dattijon da ya shekara 30 yana shan sigari daban yake da yarinya 'yar aji huɗu a sakandare da ba ta taɓa zuƙar komai ba, kuma ba domin dattijon ake zuba ɗanɗanon alewa a ruwan ba. Ita kanta Birtaniya ta haramta irin wanda ake sha a yar tun daga ranar 1 ga Yunin 2025, saboda yadda ya yaɗu tsakanin yara da yadda batiransa suka cika bola. Indiya ta haramta sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019. A Amurka kuwa jihohi ne suka yi gaba, tarayya ta biyo baya: Hawai ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 a 2016, Kalifoniya ta bi ta a wannan shekara, sai a Disambar 2019 dokar ta game ƙasar baki ɗaya. Haka kuma jihohi 46 ne suka tilasta wa manyan kamfanonin taba yarjejeniyar 1998, wadda ta ɗora musu biyan kimanin dala biliyan 206 a cikin shekara 25. Tsarin mulkinmu daga nasu aka kwaikwayo shi, saboda haka ɗan majalisar jiha da ya ce sai Abuja ta motsa bai karanta ikon da ke hannunsa ba.

Shisha ta riga ta koya mana darasi kan bambancin sanarwa da doka. A 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya bayyana cewa shisha mai ƙamshi haramtacciya ce, kuma a Kano ma an taɓa sanar da hana ta a wuraren shaƙatawa. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa akan kai samame na 'yan kwanaki, a kwashe tukwane a nuna wa 'yan jarida, sannan ƙura ta lafa, cinikin ya koma gidajen haya da ɗakunan otal. Matasa da yawa har yanzu sun yi imani cewa ruwan da ke ƙasan tukunyar yana tace dafin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zama ɗaya na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye, ga kuma iskar gawayi mai guba da ke shiga jini. Sanarwar kwamishina tana mutuwa ranar da ya bar kujera. Dokar da majalisa ta zartar, gwamna ya sa hannu, aka buga ta a mujallar gwamnati, ita ce lauya zai iya riƙewa a gaban majistare ko da gwamnati ta canza.

Abin da nake ganin ya kamata dokar jiha ta tsaya a kansa shi ne lasisi. Duk wanda zai sayar da sigari ko garin taba ko shisha ko wani abu mai nikotin, ko da babu ganyen taba a cikinsa, sai ya mallaki takardar izini daga ƙaramar hukumarsa, a rataye inda kowa zai gani, kuma kada a ba da ita ga shagon da ke kusa da makaranta ko Islamiyya ko asibiti. Wanda aka kama ya sayar wa yaro a gargaɗe shi, ya sake a ci shi tara, ya sake a karɓe takardar. Mai shago ya fi tsoron rasa ciniki fiye da tsoron ɗaurin da ya san ba za a yi masa ba. A cikin wannan doka ne za a hana ruwa mai ɗanɗanon alewa da 'ya'yan itace, a hana irin na'urar da ake sha a yar, a kuma hana 'yan aike kai kayan nikotin gidaje. Hukuncin ya hau kan mai sayarwa da dillalin da ke kawo masa. Yaron da aka samu da ita a makaranta mai buƙatar taimako ne, a kira iyayensa a haɗa shi da ma'aikacin lafiya, kada a kore shi ya faɗa hannun waɗanda suka fi sigari muni.

Malam Edita, batun abinci ya fi wannan gaggawa, domin taba wasu ke sha, abinci kuwa kowa ke ci. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka cika asibitoci suna amai, wasu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu kuma suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa a gida ko aka saya a unguwa. Binciken NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, ya nuna cewa wani sinadarin masana'antu mai suna hydroxylamine ne aka sayar a matsayin ɗan tsami, ga kuma garin lemon da wa'adinsa ya wuce yana yawo a kasuwa. Matan da suka haɗa lemon ba su yi nufin cutar da kowa ba, da yawansu 'ya'yansu ne suka fara sha. Sun sayi farin gari a ƙulle a leda, babu suna babu kwanan wata, daga hannun wanda shi ma ya saya a buhu daga wani. A duk tsawon wannan hanya, daga buhu zuwa ƙullin leda zuwa kofin yaro, babu wani mataki da doka ta tsayar da wani ta ce sai ya rubuta abin da ya saya da wanda ya sayar masa.

Ya kamata wannan musiba ta haifar da doka, domin abin da ta tona a fili yake. Mai sayar da sinadaran masana'antu da mai sayar da kayan haɗa abinci bai dace su zauna a rumfa ɗaya suna awo da cokali ɗaya ba. Duk wanda ya fasa buhu ya ƙulla a leda ya wajaba ya liƙa sunan abin da sunansa da ranar da zai lalace. Dillalin da kayansa suka wuce wa'adi ya kamata ya sami wurin da doka ta tanada ya miƙa su a lalata, maimakon ya karyar da farashi ya tura su ƙauye gabanin azumi, lokacin da zafi da ƙishirwa ke sa kowa neman abin sanyi. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Kano takan kama irin waɗannan kaya lokaci zuwa lokaci, kuma ta cancanci yabo, amma kamu bayan kaya sun shiga gari bai kai hana su shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Afirka kaɗai mutum miliyan 91 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci kowace shekara, 137,000 kuma su mutu, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace ɗaukar wannan nauyi idan aka auna da yawan jama'a.

Sai kuma wake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma yawancinsa daga gonakinmu yake fitowa ya bi ta Dawanau zuwa kudu da maƙwabta. Ƙwaro ba ya raga wa wake a ajiya, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba masa fiya-fiya ko Sniper kai tsaye, wasu kuma su jefa ƙwayar da ake kira bom a cikin buhu ba tare da sun naɗe ta ba, su kuma fitar da shi kasuwa kafin ƙarfin maganin ya fita. A 2008 an kwashi ɗalibai sama da 100 na wata makarantar 'yan mata a Gombe zuwa asibiti bayan sun ci waken da ke ɗauke da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, wanda a wasu samfuran ya ninka iyakar da suka yarda da ita sau ɗaruruwa, kuma ta yi ta tsawaita hanin bayan haka. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke yin ƙosai da alala da ɗanwake da shi. NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a 2019, amma har yanzu samun sa ba ya wahala. A nan hani kaɗai ba zai yi ba, domin ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a buhu 200 ba zai zauna yana kallon ƙwaro ya mayar da shi gari ba. Akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma manomanmu da yawa sun san shi. Dokar da za ta hana zuba guba a hatsi ta zo tare da rangwamen kuɗin wannan buhu ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa, in ba haka ba za a koma zuba maganin da daddare.

Sauran abubuwan kowa ya san su, ba sai na tsawaita ba. Ana nuna mangwaro da ayaba da kabaid ɗin masu walda, wanda ke ɗauke da ragowar sinadarai masu guba. An haramta sa sinadarin bromate mai kumbura burodi a cikin ƙullu tun zamanin marigayiya Dora Akunyili a NAFDAC, amma ƙananan gidajen burodi nawa ne ake zuwa dubawa? Ana babbake ganda da kai da ƙafa da tsohuwar taya, ana naɗe tsire a takardar buhun siminti, ana ɗura zoɓo da kunun aya a robobin da aka tsinto, ana yanka dabbar da ta kusa mutuwa a bayan gari inda likitan dabbobi ba ya gani. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba suna yin fumfunar da ke haifar da dafin aflatoxin mai jawo kansar hanta, kuma rubabbiyar gyaɗar da aka ware ba zubar da ita ake yi ba, sau da yawa ita ke komawa ƙuli-ƙuli da mai.

Wa ke da alhakin duk wannan? NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ƙarfinta yana kan abincin da aka sarrafa aka rufe a kwali ko gwangwani ko kwalba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka, da tsara shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, har ma da allunan talla na kan titi, sashe na 7 kuma ya ce dokar jiha ce za ta fayyace tsarinsu da ayyukansu da kuɗinsu. Ke nan majalisar jiha ce mai maɓallin. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawara kan wanda zai riƙe kuɗin, amma ban ji ana muhawara kan aikin da za a yi da su ba, alhali ga aikin a rubuce. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda idan ya shigo unguwa sai a ruga a rufe randa a share tsakar gida, mahauci kuma ba ya isa ya rataye nama sai an duba. Makarantar koyar da tsabta ta Kano tun 1932 take yaye irin waɗannan ma'aikata, kuma yau kwalejojin kimiyyar lafiya a kusan kowace jiha suna yaye su, da yawansu suna zaune a gida ba aiki, waɗanda ke aikin kuma babu babur balle na'urar gwaji.

Akwai tsoron da 'yan kasuwa ke bayyanawa, kuma tsoro ne na gaskiya, cewa kowace sabuwar doka sabuwar hanyar karɓar na goro ce, kuma mai koko da mai awara ne za su sha wahala, babban dillali kuwa ya daidaita da jami'i a ofis. Maganin wannan a cikin rubutun dokar yake. A rubuta adadin kowace tara a liƙa a ƙofar kasuwa da Hausa da ajami, a hana jami'i karɓar kuɗi a hannu sai ta banki da rasit, a sa gargaɗi da koyarwa su riga tara, a yi rajistar masu ƙaramar sana'ar abinci kyauta tare da horon yini ɗaya kan wanke hannu da ruwa mai tsabta da ajiyar abinci, a kuma sa hukunci mafi tsanani a kan mai shigo da kaya da mai babban sito. Sarkin fawa da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin masu burodi da masu hatsi su kasance cikin kwamitin aiwatarwa da sunan doka, domin su ne suka san wanda ke yin abin da bai dace ba tun kafin gwamnati ta ji labari, kuma kunyarsu ta fi tasiri a kan ɗan kasuwa fiye da takardar sammaci. Malamanmu ma suna da abin faɗa a mumbari, tunda algus da ha'inci a ciniki haramun ne da babu saɓani a kansa.

Dokar da babu kuɗi a bayanta ba za ta bambanta da ta 2015 ba. Don haka ya kamata ta ƙunshi sashen da ya ware kuɗin lasisin taba da tarar da aka karɓa domin aikin dubawa kaɗai, ta kuma wajabta wa jiha samar da ɗakin gwajin abinci ko da guda ɗaya, ko ta ƙulla yarjejeniya da jami'o'in da ke da kayan aikin, kamar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri, ta yadda za a riƙa ɗibar samfurin wake da burodi da lemo da ruwan leda daga kasuwa kowane wata a gwada a bayyana sakamakon a rediyo. Kuma a wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, sanar da ma'aikatar lafiya cikin awa 24 idan aka kawo mutane da dama daga gida ɗaya ko biki ɗaya da alamar gubar abinci, domin a irin abin da ya faru a 2021 kowace rana da aka yi ba a gano tushen ba, wasu ƙarin gidaje ne ke sayen wannan ƙullin leda.

Ina kira ga shugabannin kwamitocin lafiya na majalisun Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Bauchi da sauran jihohinmu da su gabatar da ƙudirin, su kuma kira zaman jin ra'ayin jama'a da za a yi da Hausa, a gayyaci shugabannin makarantu da likitoci da mahauta da 'yan Dawanau da matan da ke sana'ar abinci a gida. Ku kuma a wannan jarida ina roƙon ku aika wakilanku su tambayi kowace majalisa duba-gari nawa jiharta ke biya albashi, da nawa aka ware wa duba abinci a kasafin bana, ku buga mana amsar jiha bayan jiha.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano